Kakakin da ya zama gwamna: yadda ya kamata a karanta tarihin zaɓen Fintiri

A ƙasar nan ba a cika ɗaukar ɗan majalisar dokokin jiha da muhimmanci ba. Mutum zai faɗa maka sunan sanatansa da na ɗan majalisar wakilansa ba tare da ya ja numfashi ba, amma ka tambaye shi wa ke wakiltar mazaɓarsa a majalisar jiha sai ya fara sosa ƙeya. Rana ɗaya ake zaɓensu da gwamna, kuma yawancin masu zaɓe duk inda suka dangwala wa gwamna nan suke dangwala wa ɗan majalisa, abin nan da ake kira sak. Tarihin Ahmadu Umaru Fintiri, ɗan asalin Gulak wanda ya wakilci Madagali a majalisar dokokin Adamawa, ya isa ya nuna cewa wannan raini ba ya kan hanya. Daga majalisa mai kujeru 25 ya fito, ya riƙe jihar sau biyu a matsayin muƙaddashin gwamna, sannan ya ci zaɓen gwamna sau biyu, a 2019 da 2023.

Masoyansa kan karanta wannan tarihi a matsayin shaidar farin jini, masu adawa da shi kuma su ce sa'a ce kawai. A ganina duka ɓangarorin biyu sun bar jigon maganar. Abin da ya ɗaga Fintiri daga sahun 'yan majalisa zuwa sahun masu neman gwamna wani sashe ne na Kundin Tsarin Mulkin 1999, sashe na 191(2), kuma wannan sashen yana da ɓaraka da har yau ba a ɗinke ba. Nasarorinsa na akwati kuwa halastattu ne, amma dukkansu da ƙyar aka same su, kuma alƙaluman suna faɗin dalilin hakan ga wanda ya zauna ya duba.

Sashen ya ce idan kujerar gwamna da ta mataimakinsa suka zama babu kowa a lokaci guda, kakakin majalisar jiha ne zai riƙe muƙamin na tsawon da bai wuce wata uku ba, kuma a cikin wannan lokaci za a yi zaɓen wanda zai ƙarasa wa'adin. Adamawa ta ga aikin wannan sashe fiye da yawancin jihohi. A 2008, da kotu ta soke zaɓen Murtala Nyako na 2007, kakakin wancan lokaci James Barka ne ya riƙe jihar har aka sake zaɓe. A ranar 27 ga Janairun 2012 kuma Kotun Ƙoli ta sauke gwamnoni biyar a rana ɗaya: Nyako na Adamawa, Aliyu Wamakko na Sakkwato, Ibrahim Idris na Kogi, Timipre Sylva na Bayelsa da Liyel Imoke na Kuros Riba. Su a nasu lissafin, shekara huɗunsu ta fara ne daga rantsuwa ta biyu da suka yi bayan sake zaɓe a 2008. Kotu ta ce a'a, daga rantsuwar farko ta Mayun 2007 ake ƙirgawa. Da yake gwamna da mataimaki tikiti ɗaya suke, tare suka sauka, Fintiri da ke kan kujerar kakaki ya karɓi riƙo. Bai kai mako biyu ba aka yi zaɓe a farkon Fabrairu, Nyako ya dawo. A wannan karon babu abin zargi, domin ba shi ya jawo giɓin ba, cike shi kawai ya yi.

Na 2014 kuwa wani abu ne daban, kuma a nan ne ya kamata a tsaya.

A Nuwamban 2013 Nyako ya bi sahun gwamnonin PDP biyar da suka koma APC, tare da Rabi'u Kwankwaso, Wamakko, Rotimi Amaechi da Abdulfatah Ahmed. Daman ya daɗe yana takun saƙa da Bamanga Tukur, shugaban PDP na ƙasa a lokacin wanda shi ma ɗan Adamawa ne. A Afrilun 2014 ya rubuta wa gwamnonin Arewa wasiƙar nan da ya zargi gwamnatin Goodluck Jonathan da yi wa Arewa kisan ƙare dangi. Daga nan kowa ya san Abuja ba za ta yi baƙin cikin faɗuwarsa ba. Majalisar jiha, wadda rinjayenta ke hannun PDP, ta ɗauko sashe na 188, wanda ya tsara tsige gwamna.

Yana da kyau a san yadda tsige gwamna yake tafiya, domin kowane mataki yana da adadinsa da wa'adinsa, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa za su sa hannu a takardar zargin aikata babban laifi, su miƙa wa kakaki. Cikin kwana bakwai kakaki zai sa a isar da takardar ga wanda ake zargi da kuma kowane ɗan majalisa. Cikin kwana 14 majalisa za ta kaɗa ƙuri'a ko a yi bincike ko a bari, kuma sai da kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi, ba na waɗanda suka zo zama kaɗai ba. A majalisa mai mutum 25, wannan na nufin 17. Sai kakaki ya nemi babban alƙalin jiha ya kafa kwamitin mutum bakwai cikin kwana bakwai, mutanen da ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba kuma 'yan jam'iyya ba. Kwamitin yana da wata uku ya kawo rahoto, wanda ake zargi kuma yana da damar kare kansa ko ya turo lauya. Idan rahoton ya wanke shi, magana ta ƙare. Idan ya same shi da laifi, majalisa na da kwana 14 ta amince da rahoton da kashi biyu cikin uku, daga wannan rana gwamna ya sauka.

Ka duba sau nawa sunan kakaki ya fito a cikin wannan jeri. Shi ke karɓar takarda, shi ke sa a isar da ita, shi ke rubuta wa babban alƙali, shi ke jagorantar zaman ƙuri'a. To idan mataimakin gwamna ma ya tafi tare da gwamnan, shi ne kuma magaji.

Haka aka yi a Yola. An haɗa Nyako da mataimakinsa Bala James Ngilari a cikin zargin. Ranar 15 ga Yulin 2014, kafin a kaɗa ƙuri'ar ƙarshe, aka karanta wa majalisa takardar murabus ɗin Ngilari, sannan aka tsige Nyako. Kujeru biyu suka zama fanko, Fintiri ya shiga gidan gwamnati na Dougirei. INEC ta sa 11 ga Oktoba ranar zaɓen cike gurbi.

Gaggawa ta sa an yi kurakurai biyu, kuma dukkansu sun dawo sun ci masu aikin. Na farko shi ne isar da takardar zargi. Ba a miƙa wa Nyako ita hannu da hannu ba, a jarida aka buga. Sashe na 188(10) ya ce kotu ba ta da hurumin shiga harkar tsigewa, amma tun shari'ar Rashidi Ladoja, gwamnan Oyo da aka tsige, Kotun Ƙoli ta fayyace cewa wannan kariya tana aiki ne kawai idan majalisa ta bi matakan yadda aka tsara su. A Fabrairun 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke tsigewar saboda an tauye wa Nyako haƙƙin jin ta bakinsa, ta ce a biya shi haƙƙoƙinsa. A Disamban wannan shekarar Kotun Ƙoli ta ƙi mayar da shi kan mulki. Wato ya ci shari'a a takarda, kujera kuwa ta riga ta tafi.

Kuskure na biyu ya fi na farko saurin cizo. Sashe na 306(5) ya faɗi wanda kowa zai rubuta wa takardar murabus: gwamna ya rubuta wa kakaki, mataimakin gwamna ya rubuta wa gwamna. Ngilari kuwa kakaki ya rubuta wa, a lokacin da Nyako ke kan kujerarsa. Lauyansa Festus Keyamo ya kai maganar Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ranar 8 ga Oktoba Mai shari'a Adeniyi Ademola ya yanke cewa murabus ɗin bai inganta ba. Saura kwana uku zaɓe aka rantsar da Ngilari gwamna, aka soke zaɓen, Fintiri ya koma majalisa. Adireshin da ke saman wasiƙa ɗaya ya rushe shirin wata uku.

A tsakanin 15 ga Yuli da 8 ga Oktoba akwai wani abu da ake yawan mantawa. Kwamitin tantance 'yan takara na PDP, ƙarƙashin Sanata Ibrahim Mantu, ya hana Fintiri shiga zaɓen fid da gwani, bisa hujjar cewa riƙon ƙwarya aka ba shi don ya shirya zaɓe, ba don ya gaji kujerar ba. Kwamitin ɗaukaka ƙara na jam'iyyar ya warware wannan hukunci, Fintiri ya shiga, ya kuma ci tikitin. A doka kwamitin ɗaukaka ƙarar ne ke da gaskiya, domin babu inda kundin ya hana muƙaddashi tsayawa takara. A hankali kuwa kwamitin Mantu ne ke da gaskiya. Ungozoma ba ta karɓar haihuwa ta tafi gida da jaririn. Mai riƙon jiha yana da baitulmali a hannunsa, yana da ikon naɗe-naɗe, shugabannin ƙananan hukumomi 21 suna kallon fuskarsa, kuma daga cikin waɗannan mutane ake samun daliget. Duk wanda ya kara da shi a zaɓen fid da gwani ya shiga fili ne da ƙafa ɗaya.

Kada kuma a manta da halin da jihar ke ciki a lokacin. Tun Mayun 2013 Adamawa ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tare da Borno da Yobe. A farkon Satumban 2014, daidai lokacin da 'yan siyasa ke ta kai-komo a Yola kan tikiti, Boko Haram ta shiga Gulak, garin shi muƙaddashin gwamnan, daga nan ta wuce Michika. Mubi ta faɗi a ƙarshen Oktoba, makonni kaɗan bayan hawan Ngilari. Cikin wata uku jihar da mayaƙa ke cinye arewacinta ta ga shugabanni uku. Ba a ce tsigewar ce ta kawo faɗuwar garuruwan ba, tsaro a hannun tarayya yake. Amma jama'ar da ke gudu daga Madagali zuwa Yola sun cancanci gwamnati mai hankali ɗaya, ba su samu ba.

Duk da haka wata ukun nan su ne jarin Fintiri. Ya fita daga gidan gwamnati da sunan da kowa a jihar ya sani, da mutane a kowace ƙaramar hukuma. A 2015 PDP ta tsayar da Nuhu Ribadu, ya zo na uku, Jibrilla Bindow na APC ya ci. Jam'iyyar da ta sha wannan kaye tana buƙatar wanda ke da tsari a ƙasa, kuma a 2019 tikitin ya faɗo hannun Fintiri.

Yanzu ga alƙaluma. A zagayen farko na ranar 9 ga Maris 2019 Fintiri ya samu 367,471, Bindow mai ci ya samu 334,995. Tazarar 32,476 ce. Amma an soke zaɓe a rumfuna 44 masu rajistar mutum 40,988, kuma ƙa'idar INEC ita ce idan adadin masu zaɓe a rumfunan da aka soke ya fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, ba za a bayyana wanda ya ci ba sai an sake zaɓe a wuraren. Wannan shi ne inkonkulusib ɗin da ya shiga bakin kowa a shekarar. An yi cikon ne ranar 28 ga Maris, bayan wani umarnin kotu ya jinkirta shi. Fintiri ya ƙara 9,081, Bindow ya ƙara 1,391. Jimilla 376,552 da 336,386.

Duba abin da ƙa'idar ta ɗauka a matsayin mai yiwuwa. Kafin Bindow ya rufe tazarar, sai duk mutum 40,988 sun fito ba wanda ya yi tafiya, ba wanda ya rasu, ba wanda ya ɓatar da katinsa, sannan kusan tara cikin goma su zaɓe shi. Waɗanda suka zaɓi manyan 'yan takarar biyu a zahiri ba su kai 11,000 ba. Ina goyon bayan asalin ƙa'idar, domin in babu ita duk ɗan takarar da ke gaba zai iya tura 'yan daba su tarwatsa rumfunan abokin hamayya ya tafi da nasara. Amma lissafi da yawan masu rajista ya sa ana tsayar da zaɓen da ya riga ya ƙare, a buɗe kasuwar mako biyu ko uku da ake sayen ƙuri'a ɗaya da kuɗin da zai sayi goma a ranar farko.

Lambar da ta fi muhimmanci a zaɓen 2019 ba ta Fintiri ba ce, ba kuma ta Bindow ba. Ta wanda ya zo na uku ce. Sanata Abdul-Aziz Nyako, ɗan Murtala Nyako, wanda ya bar APC ya tsaya a ADC, ya samu sama da 113,000, kusan ninki uku na tazarar ƙarshe ta 40,166. Ba za a rantse cewa duk waɗannan ƙuri'u na Bindow ba ne da Abdul-Aziz bai tsaya ba, amma gidan siyasar da ya fito sananne ne, gidan da ya kawo APC Adamawa. Ga kuma rikicin fid da gwani na APC, inda Ribadu da Mahmood Halilu suka ƙi amincewa da yadda aka ba Bindow tikiti. Ga Atiku Abubakar, ɗan jihar, a tikitin shugaban ƙasa na PDP makonni biyu kafin nan. Abin da siyasa ta gada ke nan: ɗan mutumin da Fintiri ya jagoranci tsigewa shi ne ya raba ƙuri'ar da ta buɗe masa ƙofa.

Zaɓen 2023 ya fi zama gwaji na gaskiya, domin wannan karon shi ne mai ci, kuma babu wani na uku mai nauyin Abdul-Aziz. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu Atiku ya samu kimanin 417,000 a Adamawa, Bola Tinubu na APC kimanin 183,000. Mako uku bayan haka, ranar 18 ga Maris, 'yar takarar APC Sanata Aishatu Ɗahiru Binani ta samu 390,275, Fintiri 421,524. Ka ga ƙuri'ar PDP kusan tana inda take, ta APC kuwa ta ninka har da ɗoriya. Wannan ya nuna abu biyu. Mutanen Adamawa ba sak suke yi ba, suna bambance takara da takara. Sannan shekara huɗu a kan mulki, da gadojin sama na Jimeta da sauran ayyukan da gwamnatinsa ke alfahari da su, ba su faɗaɗa tazararsa ba: 32,476 a zagayen farko na 2019, 31,249 a na 2023. Ya riƙe mutanensa, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a jiha mai ƙabilu da addinai irin Adamawa, amma bai cinye jihar ba.

An sake cewa zaɓe bai kammala ba, saboda rumfuna 69. Wannan karon INEC ta yi lissafi ne da waɗanda suka karɓi katin zaɓe a rumfunan, ba masu rajista ba, gyara ne mai kyau amma bai hana a koma ciko ba. An yi shi ranar 15 ga Afrilu. Washegari da safe, ana dakon a ci gaba da tattara sakamako, kwamishinan zaɓe na jihar Hudu Yunusa Ari ya shiga zauren da rakiyar manyan jami'an tsaro, ya ce Binani ta ci, ba tare da ya karanta alƙaluma ba, alhali rabin ƙananan hukumomin da aka yi ciko ba a karɓi sakamakonsu ba.

Wanda ya san yadda sakamako ke hawa ya san wannan sanarwa ba ta da ƙafa. Jami'in rumfa yana cike fom EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ɗauki hotonsa da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS. A mazaɓa a haɗa su a EC8B, a ƙaramar hukuma EC8C, a jiha EC8D. Mutum ɗaya ne ke da ikon cike EC8E ya bayyana wanda ya ci, shi ne baturen zaɓe, kuma a Adamawa Farfesa Mohammed Mele na Jami'ar Maiduguri ne. Kafin ya yi hakan sai ya tabbatar da sharaɗin sashe na 179(2): ƙuri'u mafi yawa, da kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, wato 14 cikin 21. Aikin kwamishinan zaɓe shi ne kayan aiki da ma'aikata da tsare-tsare, ba shi da hurumin sanar da sakamako. Hedikwatar INEC ta soke sanarwar a ranar, aka dakatar da shi, ranar 18 ga Afrilu Farfesa Mele ya bayyana Fintiri da sama da 430,000, Binani ba ta kai 400,000 ba. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe da Kotun Ɗaukaka Ƙara sun tabbatar, Kotun Ƙoli ta rufe maganar a Janairun 2024. A nan ba na jin akwai ja: bin ƙa'ida ne ya cece shi, irin ƙa'idar nan ta wa ke da ikon karɓar wace takarda da ta kayar da shi a 2014.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ko tsohon kakaki yana barin majalisa ta yi numfashi idan ya zama gwamna. Wanda ya san yadda ake tara mutum 17 ya fi kowa sanin yadda ake hana su taruwa. A Disamban 2024 majalisar Adamawa ta zartar da dokar masarautu cikin hanzari, gwamna ya sa hannu, aka ƙirƙiro sababbin masarautu bakwai, ciki har da Fufore da Maiha da Michika da ta Madagali mai hedikwata a Gulak. Akwai al'ummomin da suka daɗe suna neman wannan, kuma ba na raina buƙatarsu. Amma dokar da ta rage faɗin masarautar Lamiɗon Adamawa da ta Mubi, ta taɓa tarihin da ya haura shekara ɗari biyu, ta cancanci doguwar muhawara a zauren majalisa, a ji ta bakin masu so da masu ƙi a bainar jama'a.

Gyaran da sashe na 191(2) ke buƙata bai fi layi biyu ba. Ko dai a ce duk wanda ya riƙe jiha a ƙarƙashin sashen ba zai tsaya zaɓen cike gurbin ba, ko kuma a ce idan giɓin ya samo asali ne daga tsigewa, wani ne daban zai yi riƙon, ba kakakin da ya jagoranci zaman ba. Na farko ya fi sauƙi kuma ya fi dacewa, domin ba ya jawo alƙalai cikin mulki. Da akwai wannan layi, da kwaɗayin haɗa gwamna da mataimaki a takardar zargi ɗaya ya ragu. Ekiti ta ga irin wannan a 2006, lokacin da majalisa ta tsige Ayo Fayose tare da mataimakiyarsa, kakaki Friday Aderemi ya ce shi ne gwamna, rikici ya kai Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci ya ɗora Tunji Olurin a matsayin kantoma.

Matsalar ita ce hanyar da gyaran zai bi. Sashe na 9 ya ce bayan kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Waɗannan majalisu ne a 2010 suka kasa ba da adadin da ake buƙata don 'yancin kuɗinsu na kansu, saboda gwamnoni ba sa so, sai a 2018 aka samu gyaran ya wuce. Wannan karon gwamnoni ne za su so gyaran, tunda kariya ce a gare su, amma kowane ƙuduri sai ya bi ta teburin kakaki kafin ya shiga jadawalin zama, kuma kakakai 24 ake nema su sa hannu a kan rufe hanyar da ta kai ɗaya daga cikinsu Dougirei.